Manyan baƙaƙen tururuwa da dusar katako a ƙarƙashin taga: gara ce ko me?

Baban Khalifa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana. Gidan katako ne a jihar Ohio ta Amurka, irin wanda ake yi wa ƙwarangwal da katako a rufe shi da allo ciki da waje. Tun tsakiyar watan Fabrairu, ana tsananin sanyi, muke ganin wasu manyan baƙaƙen tururuwa a kicin da banɗakin sama, musamman da dare. Ba su da yawa, goma zuwa ashirin ne a dare, amma ba sa yankewa. Girmansu ma ba ɗaya ba, wata ta kai santimita 1, wata rabin haka. Makon nan kuma sai ga ɗan tarin abu kamar dusar katako a ƙarƙashin tagar banɗakin. An share, bayan kwana biyu ya dawo. An fesa maganin gwangwani sau biyu, suka ɗauke ƙafa kwana uku suka dawo. Shin garar ƙasar nan ce haka? Gidan yana cikin haɗari? Da me za a fara, kuma mutum zai iya da kansa ko sai an kira masu feshi?

Malamin Ƙwari:

Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Bisa abin da ka kwatanta ba gara ba ce. Tururuwar katako ce, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan kafinta, masana kuma suke kiran danginta Camponotus. Wadda ta fi yawa a gabashin Amurka da Kanada, har da Ohio, ita ce baƙar nan Camponotus pennsylvanicus. Ma'aikatanta suna kaiwa milimita 6 zuwa 13, kuma a gida ɗaya ake samun manya da ƙanana, kamar dai yadda ka lura. Sarauniyar kuwa takan kusa santimita 2.

Duk da haka ka kama ɗaya ka tabbatar. Sa ta a kwalba ka ajiye a firiza na ɗan lokaci, sannan ka ɗauke ta hoto da waya ta gefe, ka buɗa hoton. Ƙugunta siriri ne da ƙullutu ɗaya tak tsakanin ƙirji da ciki. Ƙahonnin da take shinshine da su a karye suke kamar gwiwar hannu. Gadon bayanta kuma a lanƙwashe yake sumul, babu tudu babu kwari, kuma wannan ne ke raba ta da manyan tururuwan fili masu shigowa su fita ba ruwansu da katako. Gara kuwa, duk wanda ya tashi a gida ya san ta: jiki fari-fari mai laushi, babu ƙugu, ƙahonni a miƙe kamar carbi, kuma ba ta yawo a sarari sai ta gina hanyar laka ta bi ta ciki.

Dusar nan ma shaida ce. Zuba ta a farar takarda ka baza. Wannan tururuwa ba ta cin katako, sassaƙe shi take yi ta yi wa kanta ɗakuna, sai ta turo sharar waje ta wata 'yar tsaga. Shi ya sa dusarta a gauraye take: siraran ɓarɓashi kamar na fiƙar fensir, da ƙafafu da kawunan matattun ƙwari, wani lokaci har da gutsattsarin soson hana sanyi na cikin bango. In gari ne lukui kamar fulawa yana zubowa daga huji irin na allura, to ƙwaro mai huda katako ne, maganarsa daban. In ƙwayoyi ne masu tauri masu girma ɗaya kamar yashi, garar busasshen katako ce, ita kuma ta wurare masu zafi ce irin su Fulorida da kudancin Kalifoniya.

Abin da ya fi jan hankalina a bayaninka shi ne watan. A Fabrairu tururuwar da ke waje tana kwance cikin itace, sanyi ya hana ta motsi. Wadda ke yawo a kicin a wannan lokaci daga jikin ginin ta fito, ɗumin hita ne ya tashe ta. Sai fa in kuna shigo da itacen jin ɗumi daga waje, shi kan zo da su. In babu wannan, suna da mazauni a bangonka.

Ga yadda zamansu yake, domin a nan mafi yawan mutane ke ɓata kuɗinsu. Akwai babban gida, inda sarauniya da ƙwai da ƙananan tsutsa suke. Shi dole sai wuri mai laima, don ƙwan ba ya jure bushewa. Galibi yana waje: kututture, ruɓaɓɓen reshe, ramin bishiya, tarin itace, tsohon katakon shinge. Idan suka yi yawa sai su buɗe rassa, su kwashi manyan tsutsa da waɗanda suka shiga farin ƙunshi mai kama da ƙwayar shinkafa su kai can. Reshe bai damu da laima sosai ba, yana iya zama cikin ramin bango, cikin ƙofa mai holoƙo, ko cikin soson saman silin. Suna zirga-zirga tsakanin babban gida da rassa, kuma sukan yi tafiyar da ta kai mita 90 neman abinci. Waɗanda kake gani a kicin 'yan tsiraru ne daga cikin jama'ar. Ka kashe su yau, gobe a turo wasu, sarauniya kuma tana iya wuce shekara 10 tana ƙwai.

Maganar haɗari, kwantar da hankalinka amma kada ka yi sakaci. Ɓarnarsu ba ta da sauri irin ta gara, shekaru take ɗauka. Gidan tururuwar ba ya fara fitar da masu fukafukai sai ya shekara 3 zuwa 6, lokacin da ma'aikata suka kai kamar 2,000 ko fiye. Saboda haka in bazara ta shigo ka ga masu fukafukai suna taruwa a gilashin taga ta ciki, ka san sun daɗe. Ka duba fukafukan: na tururuwa na gaba sun fi na baya tsawo, na shinge, wato gara mai fukafukai, kuwa duka huɗun tsawonsu ɗaya kuma nan da nan suke zubewa.

Yanzu ka ajiye gwangwanin feshin nan. Yawancinsu suna ɗauke da sinadarai irin su famethirin da saifamethirin, masu kashe wadda suka taɓa su kori sauran. Sakamakon shi ne su canza hanya, kai kuma ka rasa sawun da zai kai ka gidansu. Ka wanke inda aka fesa da ruwa da sabulu. Bayan magariba ka ɗiga zuma da aka sirka da ruwa a kan 'yan takardu biyar ko shida, ka ajiye inda kake ganinsu, ka sa ɗan kifin gwangwani a wasu. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 2 ne suka fi fitowa. Rufe bakin tocila da jar leda, don ba sa ganin jan haske sosai. Wadda ta sha har cikinta ya kumbura ita za ka bi, gida ta nufa kai tsaye. Kada ka taɓa ta, kada ka hura mata numfashi. Inda ta shige ka manna ɗan salatef. Dare biyu ko uku za ka ga duk alamomin sun taru a wuri ɗaya. Sai ka ƙwanƙwasa bangon wurin, ka kifa kofin gilashi ka kara kunne: in suna ciki za ka ji ƙaras-ƙaras kamar ana murza leda.

Tsohon Kafinta:

Malam ya gama bayanin ƙwaron, ni na katakon zan yi. Ɗan'uwa, duk inda wannan tururuwa ta fara sassaƙa, ruwa ne ya riga ta zuwa. Katakon cikin gida mai lafiya laimarsa ba ta wuce kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari. Da ta haura 15 ya fara yi mata daɗi, in ta wuce 20 ta zauna haka sai ruɓa ta kama, ya yi laushin da za ta sassaƙa ba wahala. Daga ruɓaɓɓen ne take faɗaɗawa zuwa mai kyau. Ka sayi na'urar auna laimar katako mai allura biyu, ba ta da tsada a shagunan kayan gini, za ta nuna maka abin da ido ba ya gani a ƙarƙashin fenti.

Tagar banɗaki wuri ne da aka san shi da wannan, don ruwa ta fuska biyu yake zuwar mata. Ta ciki, tururin wanka yana zama raɓa a gilashi lokacin hunturu ya gangara cikin katakon dandamalin taga. Ta waje, silikon ɗin gefe ya tsage, ko kwanon da ake sawa a saman taga don kare ruwa ba a sa shi daidai ba, ko kwatar ruwan bakin rufi ta toshe da ganye tana ambaliya a jikin bango. A jihohin dusar ƙanƙara akwai ƙari: ƙanƙara tana daskarewa a bakin rufi ta tare ruwan da ya narke, ya koma baya ya shiga ƙarƙashin rufin.

Ɗauki sukundireba ka bi katakon tagar kana dannawa, musamman kusurwoyin ƙasa biyu. Mai lafiya ba ya karɓar ƙarfe. In ya nutse, ko ka ƙwanƙwasa ka ji holoƙo, ka samu. Kada ka tsaya a taga kaɗai. Ka duba bayan bahon wanka da gindin masai, ƙarƙashin wurin wanke-wanke na kicin, bayan injin wanke kwanuka, inda bututun hayaƙi ya ratsa rufi, gindin ginshiƙan baranda, da katakon da aka ɗaure dandamalin bayan gida da shi a jikin bango. Sannan ka sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa da tocila ka bi katakon farko da ke kwance a kan siminti, wanda duk gidan ke zaune a kansa. Dusa kan taru a wurin ko ta maƙale a yanar gizo-gizo.

In ka buɗe ka ga ramukan, za su ƙara tabbatar maka: nata a share suke tas, sumul kamar an goge da samfefa, suna bin tsawon katako. Na gara cike suke da laka.

Abu ɗaya zan roƙe ka: kada ka ɓalle bangon kafin a gama da su. In ka farke wurin da rana tsaka, kwashe 'ya'yansu za su yi su bazu cikin wasu ramukan, wuri ɗaya ya zama uku.

Baban Khalifa:

Allah ya saka da alheri, Malam da Baba Kafinta. An duba: ƙullutu ɗaya ne a ƙugu, dusar kuma da ƙafafun ƙwari a ciki. Sawun ya tsaya a kusurwar ƙasa ta hagu ta tagar, sukundireba ya nutse a wurin kusan santimita 2, na'ura ta nuna 24. Akwai kuma tsohon kututture a bayan gida da reshen bishiya da ke taɓa rufi. Saura magani, kuma akwai ƙananan yara a gidan.

Hajiya Mai Feshi:

Madalla, Baban Khalifa, ka yi rabin aikin tunda ka san wurin. Hanya biyu ce, koto da hoda, kuma a jere ake yin su.

Koto yana aiki ne saboda yadda suke ciyar da juna. Tururuwar da ta wuce matakin tsutsa ruwa-ruwa kawai take iya haɗiya, ta tara a ciki, ta koma gida ta amayar wa 'yan'uwanta da tsutsa da sarauniya baki da baki. Don haka ana son guba mai jinkiri da za ta bar ta ta isa gida da ranta. Ga haɗin da mutum zai iya yi: ruwan ɗumi lita 1, sukari giram 200, borik asid (wata farar hoda mai kashe ƙwari) giram 10. A auna da sikeli, a motsa har ya narke sarai. Wannan bai wuce kashi 1 cikin ɗari ba, kuma haka ake so. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga kamar ya yi kaɗan a ƙara cokali biyu. In ya yi ƙarfi, ko dai su ƙi sha, ko su mutu a hanya, gidan kuma yana nan. Jiƙa auduga da haɗin ka sa a ƙaramar roba mai murfi, ka huda gefenta huji uku ko huɗu masu faɗin milimita 6, ka ajiye dab da hanyarsu. A sabunta bayan kwana biyu ko uku, don in ruwan ya ƙafe gubar na ƙara ƙarfi, sukarin kuma ya yi tsami. Ragowar a rubuta mata suna a ɓoye, kada a zuba ta a gorar lemo ko a sa a firjin abinci.

In na kanti kake so, ka karanta sinadarin da ke jikin kwalin: fifronil, indoksakab ko abamektin. Akwai Maxforce na tururuwar katako mai kauri kamar man goge baki, da Advion, da Advance mai tsaki-tsaki wanda ya fi dacewa da waje. Mai kaurin ana ɗiga shi kamar ƙwayar wake a wurare da yawa cikin tsaga, maimakon a tara shi wuri ɗaya. Ita wannan tururuwa tana da tsirfa a abinci: farkon bazara, lokacin kiwon tsutsa, ta fi son nama-nama, daga baya ta koma zaƙi. Ka sa iri biyun a daren farko, wanda suka yi wa rubdugu shi za ka ci gaba da shi. A kuma share kicin sosai, a ɗauke kwanon abincin kyanwa da dare, a rufe zuma da sukari, don kotonka ya zama shi kaɗai ne abinci. Kwanakin farko za ka ga sun ƙaru. Kada ka kashe ko ɗaya, kada a fesa komai kusa. Mako biyu zuwa shida ake ɗauka.

Gaskiyar magana, koto kaɗai ba kullum yake gamawa da su ba, shi ya sa hoda ke biyo baya tunda an san mazaunin. Kashe wutar ɗakin daga babban akwati. Huda allon bango da injin huji mai bakin milimita 3 a ƙarƙashin tagar da gefenta. Ginshiƙan cikin bango a gidajen Amurka yawanci inci 16 ne tsakaninsu, wato kamar santimita 40, kuma kowane tsakani ɗaki ne mai zaman kansa, sai ka yi huji a kowanne har mita 1 zuwa 2 hagu da dama da wurin. Da 'yar robar busa hoda ka busa hodar borik asid ko ta silika, matsa biyu ko uku a kowane huji. Ana son ta kwanta sama-sama kamar ƙurar hunturu a kan tebur, su taka su lashe. In ta taru tsibi kewaye ta za su yi. Sa takunkumin hanci da safar hannu, a fitar da yara, a toshe hujin, a goge abin da ya zubo da jiƙaƙƙen tsumma. Kada a zuba maganin ruwa cikin bango mai wayar lantarki. Hoda kuma ba ta aiki in ta jiƙe, don haka a tsakiyar ruɓaɓɓen wurin ba za ta yi komai ba, a busassun ramukan gefe take kama su.

Gwangwanin nan da ake fasawa ya cika ɗaki da hayaƙi asarar kuɗi ne, ba ya shiga cikin bango. Fiya-fiya da makamantansa irin na gona kuwa, kada ma a kawo su cikin lissafi a ɗakin da mutane ke kwana.

A kira masu lasisi idan sawu ya rabu zuwa wuri fiye da ɗaya, ko mazaunin yana cikin rufi, ko an yi mako shida babu sauyi. Suna da fifronil na feshin waje wanda tururuwa ba ta jin warinsa, ta taka ta kai gida. Ana fesa shi ne a gindin bango ta waje kawai, kuma guba ne ga ƙudan zuma da kifi, ba a kai shi kusa da furanni ko magudanar ruwa. Kafin ka biya ka tambaye su ko za su nemi mazaunin ne, ko zagaye gida kawai za su yi da feshi. Wanda ya zo bai hau saman silin ba, bai sauka ƙasa ba, bai yi bincike ba. Ka sani kuma inshorar gida a Amurka galibi ba ta biyan ɓarnar ƙwari. Mai haya kuwa ya sanar da mamallakin gida a rubuce, da hotuna.

Malamin Ƙwari:

Na yarda da Hajiya, sai dai ina da gyara kan lokaci. Laima 24 ta isa riƙe sarauniya, don haka mai yiwuwa babban gidan ne a tagar, mai yiwuwa kuma reshe ne na kututturen nan. Ba za ka iya rarrabewa yanzu ba, na waje suna barci. In ka share na ciki a Maris ka ɗauka an gama, a Yuni sai a sake cika wurin. Saboda haka da zarar dare ya fara ɗumi a watan Mayu, ka fita da tocila ka duba kututturen, gindin bishiyoyi, wayar lantarki da ke shiga gida da kuma reshen nan. Bishiyar da ƙwarin darɓa suka kama ita suka fi hawa, don ruwan zaƙin darɓa shi ne babban abincinsu. Ka sa koton waje a kan sawun, bayan an gama da su a tumɓuke kututturen gaba ɗaya. Tururuwar ba ta da ƙari irin na rina, amma manyan suna cizo su fesa ɗan asid a wurin, sai a sa safar hannu.

Tsohon Kafinta:

To, in aka yi mako biyu cur babu tururuwa da dare, babu sabuwar dusa a takardar da ka shimfiɗa ƙarƙashin taga, sai a buɗe. Injin zuƙar shara ya kasance a kusa don abin da ya rage, a ɗaure jakar a fitar da ita nan take. Yanke ruɓaɓɓen har ka isa katako mai tauri, ka ƙara kamar santimita 30 gaba. Dandamalin taga da 'yan gajerun katakan ƙarƙashinsa canja su ba wuya. Amma in ramukan sun ci ginshiƙan gefen taga masu ɗauke da gungumen sama, wannan nauyin gini ne, sai an tokare kafin a cire, a kira ƙwararre.

Katakon da ya rage da sabon da za a sa, a shafe su da ruwan boret, maganin katako ɗan dangin borik asid, kafin fenti. Tim-bor, wata hodar boret ta kanti, ana dama laba 1 a galan 1 na ruwa, wato kamar giram 120 a lita, a shafa sau biyu a tsiraran katako. Ba ya ratsa fenti ko banish, kuma ruwan sama na wanke shi in ba a rufe ba. A bar bangon a buɗe da fanka har na'ura ta sauka ƙasa da 15. Wanda ya rufe jiƙaƙƙen katako da sabon allo ya sake shirya musu ɗaki ne.

Sai tushen ruwan: a gyara kwanon saman taga, a sabunta silikon, a yashe kwatar rufi sau biyu a shekara, a sa fankar zuƙe tururi a banɗaki mai fitarwa waje, don wasu masu gini a saman silin suke sake ta. Reshen nan a sare shi ya bar aƙalla mita 1 tsakaninsa da rufi. Itacen jin ɗumi a ɗaga shi daga ƙasa, nesa da bango, a riƙa shigo da na ƙonawa a ranar kawai. Tsakanin ƙasa da allon jikin gida a bar santimita 15, a janye ɓawon itacen da ake zubawa a gindin furanni in ya taɓo bango. Ramukan da bututu da wayoyi suka shiga su ne na ƙarshe da za a toshe, bayan an tabbatar babu sauran mai rai a ciki.